Ƙwayar Riɗi

A Gadarif, bayan la'asar,
da inuwar buhunan riɗi ta kai bakin kwata,
na shimfiɗa farin ƙyalle a teburin Kawu Sha'aibu,
na kwantar da kyamararsa kamar jinjiri.

Shekara tara tana cikin akwati
tare da carbinsa da tsofaffin rasit.
Na ja hannun naɗi, ya cije a rabi.
Na danna maɓalli.
Shiru.

Kawu kan ce, ƙarfe ba ya ƙarya, sai dai fushi;
in ya ƙi, kada ka murɗe masa wuya,
zauna ka tambaye shi.

Sai na fara tambaya.
Ko fim ne ya ƙare? Ƙaramar taga ta ce sha bakwai,
ashe da sauran tafiya.
Ko ɗan hannun jinkirin nan na gaba,
wanda mai ɗauka ke ja ya ruga ya shiga sahu,
shi ya maƙale a hanya?
Na taɓa shi da farce, yana mazauninsa.
Na kwance gilashin, na leƙa:
madubi ya ɗaga sama ya ƙi saukowa,
kamar mai addu'a da ya manta shafawa.
A bayansa labule,
bai rufe ba, bai buɗe ba,
ƙofar ɗakin mara lafiya.

Ban taɓa murfin baya ba tukuna.
Mutum sha bakwai na kwance a wannan duhu,
haske kaɗan ya isa ya kashe su.
Na danna ɗan maɓallin gindi,
na yi ta naɗewa a hankali, kunnena a jikin ƙarfe,
har na ji wutsiyar fim ta shige gwangwaninta.

Kusoshi uku ne a ƙasa, kowanne bai kai gero ba.
Na zuba su a finjalin gahawa don kada su gudu.
Sukundireban Kawu ya san hanya fiye da ni.
Da faifan ya ɗaga, sai ga gari guda:
haƙora na cizon haƙora,
waya siririya ta naɗe kamar mai jin sanyi,
giris ya bushe ya koma ƙaro.

Ɗigon fetur a bakin tsinke. Ɗaya tak.
Na jira. Na sake jan hannu.
Ya motsa kamar faɗin gashi, ya tsaya.

Gwaggo Ramlatu na daka citta a tsakar gida,
ba ta tambaye ni komai ba.
Na juya gindin ya fuskanci taga,
a nan na gan ta,
tsakanin haƙori da haƙori,
fara, ta ɗan baje:
ƙwayar riɗi.

Ƙwaya ɗaya!
Garin da ke loda wa manyan motoci dubun buhu,
ya aiko da guda ta tsare ƙofar haske.
Na tuna aljihunsa, kullum da guntun kantu,
yana tauna yana cewa masu girbi, ku matso, ku daina dariya,
su kuwa sai su ƙara.

Na ɗauko ta da matsefata.
Hannuna na rawa, ban san dalili ba.

Na ja. Ya tafi har ƙarshe, sumul.
Na danna.
Ƙyas!
Madubi ya sauko, labule ya gifta.
Na sake, a hankali, a guje, kowane lamba da muryarta.

Tabarya ta tsaya a tsakar gida.
Daga bayan zana aka ce, Sha'aibu?
Sannan tari. Sannan dakan ya ci gaba,
amma ba da kiɗan ɗazu ba.

Gwangwanin fim na aljihuna.
An ce babu mai wanke shi a garin nan yanzu,
sai ko a yi cigiya a Wad Madani.
Ƙwayar kuwa na ɗora ta a harshe:
ɗacin man inji,
can ƙasa kuma, kaɗan,
gona.